Wankin da Ya Yi wa Yaya Rana

A ɗakin wankin otal ɗin da yayata ta shekara ashirin da biyu tana aiki, Babbar Mota ake ce mata, tana kuma amsawa. In ta taho da ƙunshin jiƙaƙƙun zannuwan gado ta lungun da ke tsakanin injin wanki da teburin guga, sai ta ce, "A ba da hanya, ba ni da birki."

Tana da shekara hamsin da shida, al'ada ta daɗe da ɗauke mata, sai ta fara ganin jini. Wata biyu ta yi shiru da bakinta. Ranar da ta gaya mini, ban bari ta ƙarasa shayinta ba, na ce ta sa takalmi mu tafi asibiti.

Gwaji ya nuna sankarar mahaifa ce. Yaya ta dubi likitar, wata siririya mai tabarau, ta ce, "Kada ki ɓoye mini, ƙibar nan ce ta jawo?"

"Tana daga ciki," in ji likita. "Kitse in ya yi yawa yana ƙara wani sinadari da ke sa bangon mahaifa kauri. Yana kuma iya sa ɗinki ya daɗe bai kame ba. Amma matso ki gani." Ta juyo mana da hoton cikin Yaya a kwamfuta. "Nan kitse ne, nan kuma tsoka. Wane aiki kike yi?"

"Wanki."

"To, wankin ya yi miki rana. Akwai masu rabin nauyinki da ba su da tsokar nan, ita ce kuwa ke taimakon mutum ya miƙe bayan tiyata."

Aka cire mahaifar. Washegari Yaya ta dafa kafaɗata, ta taka har bakin ƙofa tana haɗa gumi. Ɗinkin kuwa ya yi ruwa kamar yadda aka yi tsoro, sai da muka yi mako uku muna zuwa wankin ciwo. Nan ne kaɗai na ga hawayenta.

Da ta warke, likita ta ce a rage kitse, kada a taɓa tsoka. Yaya ta sallami lemon kwalba, ta riƙa sauka daga bas tun kafin tasharta tana ƙarasawa a ƙasa. A wurin aiki ta tara matan ta gaya musu komai ba kunya. Wata mai guga ta ja ta gefe ta ce ita ma tana ganin jini, Yaya ta kai ta asibiti da kanta.

Yau shekara uku ke nan, duk gwajin da aka yi lafiya lau. Har yanzu ba siririya ba ce, ba ta kuma nema. Makon jiya na raka ta wurin tela da rigar aikinta.

"Ka rage ƙugun," ta ce masa, "amma ka bar mini kafaɗun yadda suke."