Ozell Tarver, Ungozomar Manyan Injuna

Duk safiyar Allah, kafin motar shara ta shigo layinmu, Ozell Tarver ya riga ya fito baranda da kujerarsa ta naɗewa da kofin gahawa baƙa ƙirin. Zai zauna ya fuskanci titi, ya ɗan karkatar da kai wajen kunnen da ya fi dama-dama, yana jiran maƙwabta su tayar da motoci. A da ko bai ɗaga ido ba ya san wanda ya fita, ya kuma san motar da ke neman baƙin mai. Yanzu ya haura tamanin, sai dai ya bi su da kallo. Rannan motar lantarki ta sabon maƙwabcinmu ta wuce sumul, ko tari babu. Ya juyo ya ce min, "Inshora, ko dai kunnen ne ya ƙarasa, ko kuwa abin nan ba shi da rai."

Inshora ne sunana a bakinsa, saboda inshorar mota nake sayarwa. Ya haƙiƙance mu ne muka kashe manyan injuna. Na sha gaya masa ko haihuwata ba a yi ba lokacin, amma bai ga dalilin da hakan zai wanke ni ba.

Duk wanda ya taso nan gefen Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, ya san zamanin da yake nufi. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin mota suka shiga gasar hauka. A ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas, irin wanda ya dace da motar ɗaukar kaya, a cusa shi cikin mota mai ƙofa biyu, a miƙa wa saurayi makulli. Shekara na zagayowa a ƙara wa silinda faɗi, maƙwabcin kamfani ma ya ƙara. Mujallu sun buga hotunan masu zane da direbobin tsere har sun gaji. Ba wanda ya taɓa buga hoton mutumin da ke tsaye a ƙarshen layin haɗa inji.

Ozell ya zo daga Alabama a motar haya da akwati ɗaya. Ya fara da zuba narkakken ƙarfe, daga baya aka mayar da shi ɗakin gwaji. Inji zai sauko rataye da ƙugiya, fentinsa ruwan lemo bai gama bushewa ba, bai taɓa numfashi ba a duniya. A ɗaure shi kan gadon gwaji, a jona masa mai da ruwa da wuta, a tayar. Ozell sai ya kafa guntuwar sanda, irin ta burushin shara, a jikin injin, ɗaya bakin ya danna a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. In ya gamsu, ya tsoma babban yatsa a fenti ya dangwala a bayan injin, inda akwatin giyar mota zai rufe. Ba kamfani ya sa su ba, al'adar 'yan ɗakin ce, kowa da launinsa. Na Ozell rawaya ne.

Kai ne ungozomarsu, Ozell. Kai ka ji kukansu na farko, kafin mai zane ya ji, kafin mai saye ya ji. Kowanne ka riƙe shi ɗan lokaci kaɗan, aka ja shi ya fice ta ƙofar baya, ba ka ƙara ganinsa ba.

Stan Bielak, abokin aikinsa mai koren yatsa, yana nan da rai, yana jan tukunyar iskar numfashi duk inda ya je. Shi ya ba ni labarin wata Juma'a da aiki ya yi yawa, mai kula da sashe yana ta duba agogo, Ozell ya ƙi dangwala wa wani inji.

"Ya ce wai yana jin ƙwanƙwasa can ciki. Aka ce masa ba wanda zai ji. Ya ce yaron da zai saya zai ji, a kan babbar hanya, da budurwarsa a gefe." Stan ya ja iska ya yi dariya. "Ni dai ban ji komai ba, har yau. Taurin kai ne kawai irin na Alabama. Amma injin bai fita ba."

Zawarawan cocinsu ma suna da nasu labarin. Shekara da shekaru, in an tashi daga ibadar Lahadi, Ozell yana filin ajiye motoci da kwat ɗinsa da sandarsa, yana bin tsofaffin motocinsu ɗaya bayan ɗaya yana sauraron injinsu. Ladansa biredin masara ne, shi ma sai an yi masa dole.

Abin da mutane ba su sani ba, bai taɓa mallakar irin motocin nan ba. Bai ma taɓa shiga ba. 'Ya'ya biyar gare shi, doguwar motar iyali ya ja har ta ruɓe da gishirin da ake watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara. Yana cewa sai yara sun girma. Kafin su girma inshora ta yi tsada, dokar hayaƙi ta zo, aka shiga layin mai. Aka rage wa injunan ƙarfi, aka mayar da su cikin motocin kaya, daga ƙarshe aka rufe masana'antar. Yau ciyawa ce a wurin, har da barewa.

Duk watan Agusta, in tsofaffin motoci sun fito titin Woodward, Ozell yana can da ƙaramar tocila, yana roƙon masu su bar shi ya leƙa bayan inji. Bai taɓa ganin shatin yatsansa ba. Masu gyaran motocin nan, don tsabar ƙauna, suna kankare inji tas su sake fenti, ya fi yadda ya fito daga masana'anta kyau.

"Sun wanke mu, Inshora," in ji shi wata rana muna dawowa.

Bana 'yarsa Renita ta yanke hukunci. Likita ya ce sauran jin ma tafiya yake, ita kuma ba za ta bar tsoho shi kaɗai cikin dusar ƙanƙara ba. Georgia za su, can kudu, kafin sanyi ya shigo. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, ya ƙara jin ɗaya daga cikinsu ya tashi a gabansa, tun kunnen na da saura.

A nan ne aka tuna da ni. Ina da irin motar a gareji. Na saye ta lokacin da tumbi ya fara fitowa, kamar yadda maza ke yi a shekarun nan, ta ƙi tashi, na lulluɓe ta da tamfal, matata ta mayar da ita kantar kayan Kirsimeti. Muka ciro injin muka ɗaure a kan ƙarfe, Ozell na kujera yana ba da umarni, ni ina zubar da sifana. Lalacina ya yi rana ɗaya a rayuwa, domin ban taɓa wanke injin ba. Da muka goge maiƙon baya a hankali, sai ga shatin babban yatsa.

Kore ne.

Ozell ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Na Stan ne. Shi ya sa ya ƙi tashi."

Ranar Asabar ɗin tafiya, motar kaya na bakin ƙofa an gama lodi, injin bai tashi ba tukuna. Stan ya zo da tukunyarsa ya zauna a bakin gareji.

"Baba, rana na yi," in ji Renita. "Hanya ce mai nisa."

"Ɗan ƙara masa mai a kafireto, Inshora. Kaɗan na ce! Ba miya kake ba."

Na murɗa makulli. Ya yi tari ya mutu. Na sake, ya yi atishawa da wuta har girata ta ƙone.

"Ozell, wannan ɗalibin naka a ina ka tsinto shi?" in ji Stan.

"Gado na ci. Sake, yaro."

Na sake. Injin ya kama. Babu salansa a jikinsa, don haka gilashin taga ya hau rawa, kayan Kirsimeti suka zubo, karen maƙwabta ya gudu. Ni da Stan muna ihu kamar yara. Sai na dubi Ozell. Na'urar ƙara ji da ke kunnensa ta hau fito saboda ƙarar, ya cire ta ya riƙe a hannu. Yana tsaye gaban injin yana karkata kai hagu da dama.

"Ina jin sa a tafin ƙafata," ya ce da ƙarfi. "Amma ba na jin muryarsa."

Renita ce ta juya da gudu. Sandar tana cikin tarkacen da ta ware na zubarwa, tsakanin tsohuwar fanka da karyayyar kujera. Ta kawo ta sa masa a hannu.

"Ga ta, Baba."

Ya kafa ta a jikin injin, ya danna ɗaya bakin a ƙashin bayan kunne, ya rufe ido. Muka zuba masa ido. Kafaɗunsa suka sauko a hankali. Leɓensa ya fara motsi yana bin bugun injin. Hawaye ya gangaro ya shige gemu bai share ba, kuma bai yi sauri ba, duk da Renita na riƙe da makullin mota.

Da na kashe, ya ciro ƙaramin gwangwanin fenti daga aljihun kwat. Ashe tun safe yana tare da shi. Ya tsoma yatsa ya dangwala rawaya a gefen koren.

"Yanzu aka gwada shi," ya ce wa Stan.

"Ɗan rainin hankali," in ji Stan, yana goge ido da tiyon iskarsa a hannu.

A bakin mota ya riƙe hannuna, ya shafa min fenti a riga. "In ka mayar da shi cikin motar, ka zo Georgia ka ɗauke ni. Ko zagaye ɗaya ne. Amma kar ka yi irin jinkirin nan naka, Inshora, ni ba yaro ba ne."

Mun gode, Ozell. Mun gode da kunnuwan da ka ba motocin da ba ka hau ba, da injin da ka hana fita ranar Juma'a, da Lahadin zawarawa. Ku kuma masu tsofaffin motoci, kafin ku kai burushi bayan inji, ku haska tocila tukuna. In kun ga shatin yatsa ku bar shi, hannun mutum ne. In kun ga dattijo a kujerar naɗewa a bakin Woodward yana karkata kai, ku buɗe masa ƙofa ya shiga. Duk aikin da ke hannunku kuma, ku yi shi yadda za ku yarda ku dangwala masa yatsa, ko da a inda ba mai gani ne.

Barandarsa babu kowa yanzu. Tamfal ɗin na cire shi, matata ta nemi wani wurin ajiye kayanta. Duk yamma ina gareji ina zubar da sifana, kuma a karon farko a rayuwata sauri nake yi.