Takardar da Usta ya jefar

Duk kasuwar Gadarif cewa ake Usta mai gyaran rediyo ne ya ƙera akwatin da babana ke jin labarai da shi. Ƙarya ne. Ni na ƙera, Usta aron bencinsa kawai ya ba ni.

Babana direban tarakta ne, shekarun da ya yi a gonakin dawa na wajen Hawata suka cinye masa ji. Na samo masa sama'a, abin sawa a kunne irin na kaset, na ce zan haɗa da tsohuwar rediyonmu mai kwalabe, 'yan fitilun gilashin nan masu ƙara murya. Usta ya yi dariya, ya ce kwalba ba ta tura irin wannan sama'ar. A nan ya yi gaskiya. Kwalba ƙarfin wuta gare ta mai yawa amma kwarararta kaɗan, ita kuwa sama'a mai om talatin da biyu a ma'aunin lantarki, kwarara take so. Sai an sa taransifoma tsakani. Na naɗa da hannuna, sati biyu, waya siririya kamar gashi. Tsakanin faya-fayan ƙarfen da na naɗa wayar a kai na sa 'yar takarda da na yago daga littafin fiziks ɗina na Larabci, don wutar kwalba ba ta tsayawa, in babu wannan 'yar tazarar ƙarfen ƙoshi yake yi, murya ta shaƙe.

Ranar da babana ya ji mai karanta labarai, bai cire sama'ar ba har la'asar. Direbobi suka ji labari suka zo nema, don rabinsu haka kunnensu yake. Usta ya ce musu aikinsa ne, ina tsaye. Ni, in ji shi, shayi nake kawo masa.

Ya ari akwatin wai zai duba, ya buɗe, ya ƙirga naɗina daidai. Da ya ga takarda da rubutun Larabci sai ya ɗauka laya ce na cusa, ya yi a'uzu ya jefar, har ya kai ƙarata wurin innata. Ya ƙera shida ya sayar wa direbobi. Duk shidan kukan kwaɗi suke yi, na babana ma da ya mayar ya lalace. Wannan ne ban yafe ba. Kwana uku babana yana juya sama'a a hannu, yana cewa kunnen ne ya ƙarasa mutuwa.

Na gyara namu da yagen takarda. Da ya ji ya gyaru, sai ga Usta a zaurenmu.

"Ya bitti, 'yata, wane malami ya rubuta miki layar?"

"Malamin fiziks, ammi," na ce, wato baffa. "Ya koma Khartum."

Ya tafi yana neman mai rubutu a gari.

Ba zan gaya masa sirrin ba. Ana gama yankan riɗi direbobi za su dawo. Zan kafa tebur a rumfar mai shayin da ke kallon shagonsa, in karɓi akwatunan nan shida ɗaya bayan ɗaya, in juya masa baya in sa takardar, in miƙa wa kowa sama'a ya saurara a gabansa.