Kusurwar Dama ta Talabijin ɗin Mai Takalmi

Shekara ashirin da biyu ina hawa rufin mutane ina ɗaura eriya. Na faɗo sau biyu, kafaɗata har yau ba ta koma daidai ba, amma wallahi duk ba su ci mini rai kamar aikin da na yi wa Mai Takalmi ba.

Mai Takalmi kurma ne tun haihuwa. A bakin layinmu yake zama da akwatin katako da basilla da zare, yana ɗinke takalman da masu su ma sun fid da rai da su. Ba a ciniki da shi. Zai ɗaga yatsu, in ka ga dama ka yarda, in ba ka ga dama ba ka kwashe tsiyarka. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, ita ce kunnensa, ita ce bakinsa. Tun tana 'yar mitsitsiya take raka shi asibiti da kasuwa, har wajen faɗa da maƙwabta, inda take rage wa zaginsa kaifi kafin ta isar.

Da ta girma, wata tashar talabijin a babban birni ta ɗauke ta aikin fassara labarai da hannu saboda kurame. Ya ce ba inda za ta. Ta ce sai ta je. Ya nuna mata ƙofa, ya kakkaɓe hannuwansa, wato shi ke nan. Ta tafi. Duk wanda ta aiko da saƙo sai ya juya masa ƙeya.

Ba a yi sati biyu ba ya zo shagona ya ja ni har ɗakinsa. Ya nuna mini wata tsohuwar talabijin mai ƙaton ƙeya da ya sayo, ya nuna sama, sannan ya ɗora yatsa a leɓensa ya zare mini ido. Na gane. In ɗaura masa eriya, in kuma kama bakina.

Gidan a kwari yake, ga wani dogon sito ya tokare shi ta baya. Hoton dishi-dishi yake zuwa, amma a kusurwar dama ta ƙasa ana ganin yarinyar da hannuwanta, kuma shi iyakar abin da yake so ke nan. Kullum shida saura kwata zai rufe akwatinsa, ko da kuwa takalminka na hannunsa. Na taɓa zama da shi sau ɗaya. Da aka gama labarai sai na ga ta taɓa haɓarta da babban yatsa sau biyu. A gidansu haka take kiransa Baba. Shi kuwa ya ɓata rai, ya kau da kai, ya shiga murza ido kamar ƙwaro ya faɗa masa. Shekara bakwai ana haka, ita ba ta san yana kallo ba, shi bai fasa ba.

Sai aka zo da dijital. Aka kashe tsohon tsari, kowa ya sayi dikoda, aka sake raba wa tashoshi lambobi. Tasharta ta koma wata lamba, kuma daga wani dogon ƙarfe ake harbo ta, can ta bayan siton nan daidai. Shi dijital ba ruwansa da dishi-dishi. Ko hoto ya zo tas, ko ya kakkarye ya ƙame, ko allo ya yi baƙi. A ɗakin Mai Takalmi baƙi ya yi.

Kwana uku ina kan rufinsa. Na ƙara tsawon bututu, na canja waya, na sa busta mai ƙara wa eriya ƙarfi. Tunda ba zai iya ƙwala mini "ya yi" daga ƙasa ba, sai muka ɗaura igiya a ƙafata ta bi ta taga: ja ɗaya babu, ja biyu akwai. Rana tana dukana, ina juya eriya kaɗan-kaɗan, igiya tana ja ɗaya-ɗaya har ƙafata ta yi kanta. A rana ta uku da la'asar aka ja sau biyu, da ƙarfin da saura kaɗan in sauko ba ta tsani ba.

Muka zauna jiran shida. Labarai suka fara, ga mai karantawa tas kamar ka taɓa shi. Kusurwar dama kuwa wayam. Ya dube ni, ya dangwala yatsa a wurin. Na sake sa dikoda ta nemo tashoshi, na dawo, babu. Ya sake dangwalawa.

A nan na yi abin da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Na gaji, ina jin kaina gwani, ga hoto ya fito, me kuma ya rage? Sai na yanke hukunci cewa tashar ta cire masu fassara. Na nuna kusurwar, na kaɗa hannu waje, wato ta tafi. Ban duba a wani gida ba. Ni ɗaura eriya nake, ba zaman kallon labarai ba, 'yan layinmu kuwa ƙwallo suke kallo.

Bai yi gardama ba, shi da ke gardama da kowa. Ya daɗe yana duban wurin, sannan ya ɗauko wani tsohon zanen matarsa ya lulluɓe talabijin ɗin.

Daga ranar ya daina tashi shida saura kwata. Yana nan zaune har rana ta faɗi, basilla a hannu, ba ya ɗinka komai. Ya rame. Ba a cika wata uku ba ya rasu. Likita ya ce zuciya ce.

'Yar ta iso washegari da yamma. Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai, ta ce, "Kawu, wannan doguwar eriya ta wace ce?"

Na ce, "Ta mahaifinki ce. Shekara bakwai bai taɓa fashin kallonki ba, sai da suka cire ki."

Ta ce, "Suka cire wa? Kawu, ko shekaranjiya ni na yi."

Na shiga ɗakin, na yaye zanen, na kunna. Shida ta ɗan gota. Na ɗauki rimot na shiga wajen saita girman hoto, na danna sau ɗaya. Hoton ya ja baya, baƙin layi ya fito sama da ƙasa, sai ga wani saurayi a kusurwar dama yana fassara a madadinta.

Sabon hoto mai faɗi ne, talabijin ɗinsa kuwa tsohuwar yayi, sai dikoda ta yanke gefe da gefe don ta cika allo. Kuma na san wannan! Sau nawa na gyara wa masu kallon ƙwallo da suka ce ba sa ganin yawan ci a kusurwa?

Ta tsaya a bayana, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da bai gan ni ba, me ka ce masa?"

Na nuna kusurwar, na kaɗa hannu waje kamar yadda na yi masa.

Ta zauna a kan akwatin katakonsa. Ta ce, "Wata ukun nan ma kullum sai na kira shi, Kawu." Ta kai babban yatsa haɓarta ta taɓa sau biyu.