Makulli na Biyu a Garejin Yaya Haruna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Haruna, wanda ƴan Damagaram na Faransa suka fi sani da Haruna Mai Moto. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa shinkafa in aika masallacin unguwarmu ta Goutte d'Or a Paris, in yi masa addu'a, in zauna lafiya lau. Bana zaman ya gagare ni. In ɗora tukunya in manta da ita, in sauka kasuwar Château Rouge sayen tattasai in dawo hannu rabbana. Abin ya faro ne wata biyu da suka wuce, ranar da ɗansa Nasiru ya kira ni daga Lyon ya ce garejin babansa na gab da rufewa, amma banki za ta ba shi rance idan ya kawo mai albashi ya tsaya masa. "Gwaggo, hannu kawai za ki sa," in ji shi. Na ce to, ina zuwa. Na ajiye waya, alhali na san hannuna ba shi da wata daraja a banki, shi kuwa yaron bai san dalili ba.

Garejin nan wani ɗan tsukukun shago ne a unguwar Guillotière ta Lyon, moto biyu, wato babur, ba sa gilma wa juna a ciki. Yaya yana gyara, yana kuma sayar da tsofaffin da ya tayar. Yawancin masu sayensa masu kai abinci gida-gida ne, mutanen da ko kallonsu banki ba ta yi. Yana da wani katako a bango, an jera masa ƙusoshi. In ka ɗauki moto ba ka da kuɗi a hannu, sai ya ba ka makulli ɗaya, na biyun ya rataye a ƙusa da sunanka a guntun kwali. Kowace Juma'a bayan masallaci ka kawo abin da ya sawwaƙa, ba ya ƙara maka ko sisi a kan farashi. Ranar da ka gama biya, sai ya je ya wanke baƙin man da ke hannunsa tas, ya sauke makullin, ya sa maka a tafin hannu, ya naɗe yatsunka a kai ya ce, "Je ka, babu kowa a bayanka."

Ni kuwa ba na rasa tsiya. Nakan ce, "Yaya, wanda ya gudu da moto fa, makullin za ka hau?" Sai ya harare ni ya ce, "Ke Rabi kin cika baki. Wa zai gudu ya bar sunansa a rataye?" To, an gudu ɗin, mutum huɗu. Makullansu har tsatsa suka yi, ya hana a taɓa. In an yi maganarsu sai ya ce suna hanya.

Kuɗin ruwa kuwa, ba abin da ya tsana kamarsa. Wata rana ya ga takardar tallan katin bashi a jakata, ya yage ta a gabana, ya ce in ya sake ganin irinta sai ya tsallake ƙofata ranar Sallah.

Wata safiya Yaya ya faɗi a bakin garejin, ciwon zuciya, bai tashi ba. Ya sha faɗa mana cewa a Damagaram yake so a kwantar da shi, kusa da Inna. Da muka je asusun ƙungiyarmu na kai gawa gida, sai aka tarar ya yi shekara biyu bai zuba ba. Kuɗin nasa duk suna rataye a jikin ƙusa. Dattawa suka ce a yi karo-karo a masallaci. Nan fa girman kai ya taso min. Haruna Mai Moto, wanda ya ɗora rabin samarin garin nan a kan moto, shi za a zaga wa da hula? Na ce a bar shi, ina da ajiya. Wallahi ƙarya nake. Na shiga wani ofishi, ko minti ashirin ban yi ba na fito da katin bashi a hannu. Da kuɗin ruwa na kai mutumin da ya tsani kuɗin ruwa kabarinsa, kuma kunyar wannan abu ba ta taɓa sakina ba.

Ina aikin kula da tsofaffi, albashina ba wani abin kirki ba ne. Duk wata ana cirar ɗan abin da aka ce shi ne mafi ƙanƙanta, bashin kuwa yana nan tsaye ƙiƙam. Firij ya lalace, na goga katin. Na kwanta jinya, na goga. Na karɓi na biyu don in toshe na farko. Da kuɗin ruwa ya fara hawa, sai biyan ya kuɓuce min wata biyu a jere, sunana ya shiga jerin waɗanda bankuna ke gudu. Duk wannan ba wanda ya sani, ranar suna da biki ina cikin shadda kamar kowa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya leƙo yau. Layin da garejin yake, a da masu moto ne a jere, yanzu wannan ya koma shagon waya, wancan an ja masa ƙofar ƙarfe an manna takardar haya. Samarin da ke kai abinci sun koma hayar keken lantarki. Nasiru ya ajiye injin da ke haɗa mai saye da rancen banki a kan kanta, kamar yadda kowa ya yi, kuma lokacin da ruwan bashi ke da sauƙi moto na fita. Yanzu mai saye ya tambayi nawa ne a wata, ya ji, ya yi fito, ya sa hularsa ya fice. Na san Yaya zai yi faɗa, amma ban ga laifin yaron ba, kuma ni ce ta ƙarshe da ke da bakin magana.

A jirgin ƙasan Lyon ban iya zama ba, a tsaye na yi tafiyar. Na tarar da katakon yana nan, makullai huɗun nan na reto a jiki. Nasiru ya haɗa min kofi, ya turo takardu da biro. Na dubi biron, na dubi katakon, sai kawai na faɗa masa komai. Da na gama ya ce, da Hausarsa ta haihuwar Faransa, "Gwaggo, shekara bakwai? Kuɗin jirgin Baba ne kike biya ke kaɗai?" Ya tattara takardun ya jefa a aljihun tebur, ya raka ni tasha ya juya abinsa. Na koma Paris da yaƙinin na kashe garejin, na kuma rasa ɗan yayana.

Bayan sati uku ya ƙwanƙwasa min ƙofa, da katakon a hammata. Ya sayar da injin ɗaga moto, da kayan aiki, da sauran motocin da suka rage, ya mayar wa mai gida shagonsa, ya kama aikin kanikanci a garejin wani. Kuɗin kuma ya ce katunan nan biyu za a rufe da su. Na hau shi da faɗa: "Garejin ubanka ka sayar saboda wautata?" Ya ce, "Garejin ya riga ya mutu, Gwaggo, jinya kawai rancen zai ja masa. Ni ubana na biya wa kuɗin jirgi." Ya sa na zauna muka biya ta waya, sannan ya ciro almakashin yankan ƙarfe na babansa ya datse katunan a kan teburina.

Har yau raina bai kwanta ba. Ina wucewa ta gaban katakon a zaurena in ji kamar Yaya zai yi magana, ban san ko godiya zai yi ko zagina ba. Babu gareji, babu sunansa a saman ƙofa, ƙanshin man nan ma wani zai shafe shi da fenti. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Abin da ya saura nasa kuwa a kicin ɗina na gan shi ranar da aka datse katunan. Nasiru ya tashi ya je famfo ya wanke hannunsa tas, alhali ko ɗigon mai babu a jiki. Ya ciro wani tsohon makulli daga aljihu, na kwaɗon farko da babansa ya sa wa garejin, ya sa min a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai.

"Je ki, Gwaggo," ya ce. "Babu kowa a bayanki."