Ranar da Jirgin Labbo Ya Hau Yashi

Ran Talata Labbo mai fito ya faɗa gulbi gaban matan da ke wanki. Jirginsa ne ya daki yashi, shi ko ya wuntsila ta baya, hula gabas, gwangwala yamma. Ya kama iyo da iya ƙarfinsa, sai ya ji cikinsa na gogar ƙasa. Da ya miƙe, ruwa iyakar gwiwa. Mutumin da ya shekara talatin yana fito!

Jirgin gadon mahaifinsa ne. Gulbin kuma shi ya raba ƙauyensu da dajin ƙetare, can wajen Zurmi. A da, in damina ta kankama, Labbo ke ƙetarar da masu cin kasuwar Moriki, su da awakinsu da buhunansu. Awonsa gwangwala: in ta nutse har gaɓa ta huɗu, a loda kaya. In ta tsaya ga ta biyu, kowa ya naɗe wando ya taka da ƙafa.

Tun da 'yan bindiga suka zauna ƙetare, fasinja ya ƙare. Gonar Labbo na can. Ƙanensa Armiya'u ma can ya tafi duba gero, shekara biyu ke nan bai dawo ba, kuma Labbo ba ya zancen. Sai dai kullum da hantsi ya tura jirgi fanko zuwa tsakiya, ya caka gwangwala, ya dawo ya zauna, fuska kamar bango. Muddin jirgin na tafiya, babur ɗin 'yan bindiga ba ya ƙetarowa, ƙauye na nan zaune. Ran da ruwa ya janye, sai a kwashi yara a yi Shinkafi. Kowa ya sani. An gaji da sanin ne, aka mai da Labbo abin tsokana.

To, yana tsaye yana ɗigar ruwa, sai ga taubashinsa Bilyaminu a bakin gaɓa.

"Sarkin ruwa! A kira masunta su tsamo ka, ko ludayi ya isa?"

Matan suka yi 'yar dariya, ba su bar wankinsu ba.

Labbo ya tsamo hula, ya matse ta a hankali. Ya dubi ƙetare, ya dubi gwiwarsa.

"Taubashi, ruwan da ya kasa ɗaukar jirgina, babur ba ya tsoronsa. Je ka naɗe tabarmarka. Sauran dariyar ka yi mini ita a hanyar Shinkafi."