Baturiyar da Muka Kashe a Nima

Jiya wani ya ƙona shara a bakin kwatar unguwarmu ta Nima, har da tsofaffin hotuna a ciki. Warin nan na san shi. Ni ma na ƙona hotuna.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya je Poland koyon gyaran tarakta. Ya dawo ba tarakta, sai labarin wata Baturiya mai wasan kwaikwayo, a dandali da sinima. Duk damina wasiƙarta za ta zo da hoto, ni nake ɗaukowa daga gidan waya, don ni kaɗai na leƙa makaranta a yaran gidan.

Kakata ba ta taɓa yarda da matar ba. Ta jera hotunan a kan tabarma tana dubawa.

"Bara takaba take yi, bana amarya ce, kuma da wani ƙato daban. Ɗan nan, wannan mace ce ko hawainiya?"

"Inna, sana'a ce," in ji kawu.

"Sana'ar ƙarya. Mai kuka don a tafa mata, yaushe za ka gane na gaskiyar?"

Tsoronta ɗaya ne: kada ya koma.

Wata shekara hoto ya zo, matar kwance cikin akwatin gawa, furanni a ƙirji. Kaka ta zare wasiƙar, ta ce in kai masa hoton kawai. Ya daɗe yana kallo. Bai tambayi wasiƙa ba. Ranar Juma'a ya raba sadakar koko da masa. Duk abin da ya zo bayan nan, a murhun kaka ya ƙare, da hannuna. Kawu ya zauna, ya tsufa yana gyaran injin niƙa a unguwar Tudu.

Kwanaki 'yata ta nemo matar a waya. Ta yi tsawon rai, ta mutu a dandali sau ba adadi kafin ta mutu ta gaske. Na dubi fuskar, har yanzu ban yarda da ita ba.

Amma ba ita ke damuna ba. Kai mai karatu, ka gaya mini: mutumin da ya zauna a ƙasarsu, ya ga wasanta da idonsa, hoton akwati ne zai ruɗe shi? Kuma wa ya aiko, in ta mutu?

Yaran yanzu kowa da wayarsa, ba mai tare wa wani wasiƙa. Mu kuwa mun ɗauka mun yaudare shi. Ina zargin a gidanmu kaf, kawu ne ya fi Baturiyar iya wasa.