Tanimu da Hanyar da Muka Gyara wa Baƙi

Shekara tara ke nan da muka kai Tanimu Mai Rake makwancinsa, amma har yau in babur ya jefa ni ramin hanyar Likoro, sunansa nake kira. Allah ya jiƙanka, Tanimu, kai ka ja mana.

Abokina ne tun muna yara. Mutum ne da in baƙo ya yi tuntuɓe a ƙofar gidansa, sai ya yi sati yana ba shi haƙuri.

Wata damina aka aiko cewa manya za su zo daga birni duba hanyoyin karkara, wadda ta fi lalacewa ita za a fara yi. Tamu kuwa ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya bi. Tanimu ya miƙe a ƙofar masallaci: "Jama'a, mu bar baƙi su kafe a taɓo? Ina mutuncinmu?" Aka kira gayya. Marmara, buhunan yashi, tukar rake daga wajen masu mazarƙwaila, duk muka danna a ramuka. Baƙi suka wuce sumul, suka sha fura, suka ce kai, ai ku kun ji daɗi. Ruwa biyu aka yi hanya ta koma yadda take. Aikin kuwa sai labarinsa muka ji a birni.

Me Tanimu zai ce da ya leƙa Kaduna yau? Gada a kan gada, fitilu kamar za a nemi allura, furanni a shataletale ana ba su ruwa da tanka. Wai birni ne fuskar jiha, nan masu zuba jari ke sauka. Na ji. To fuskar nan me take ci? Tumatirin Ikara, raken Makarfi, masarar Kudan. Tumatir ya bar gona yana tumatir, ya isa bakin kwalta ya zama miya.

Yanzu an ce masu duba hanya za su sake zuwa. Habu, babban ɗan Tanimu, wanda kwandunansa suka ruɓe bara a motar da ta kafe, ya ce da ni: "Baba, wannan karon ko tsinke kada wani ya ɗauke. Su gani da idonsu." Na ce ɗan albarka, ka fi ubanka wayo.

Jiya da hantsi na tarar da shi cikin babban ramin da shebur, mutum uku na turo masa baro.

"Kai Habu, mene ne haka?"

"Wannan ɗin kawai, Baba. An ce akwai dattijo a cikinsu."

An raba gonar Tanimu, rumfar rakensa ta zama shagon caji. Kunyar baƙon nan ce kaɗai ta ƙi mutuwa, kuma ina jin bana ma ita za ta cinye mana kwalta.

Na yi masifa har muryata ta dushe. Sannan na ce ya miƙo shebur ɗin, don yadda yake zuba ƙasar ma abin kunya ne.